'Yar Gida ko 'Yar Waje? Sharhi Kan Shinkafar Bagudo da Iyakar Benin

Duk wanda ya tsaya gaban mai awo a kasuwar Birnin Kebbi, ko a Kano, ko a Legas, zai ji sunaye uku na yawo a kan shinkafa: 'yar gida, 'yar waje, 'yar Kebbi. Mai saye yakan ɗauka ya san abin da kowanne ke nufi. A zaton mutane da dama, 'yar waje ita ce doguwa mai sheƙi marar tsakuwa, kuma a Benin ake noma ta. 'Yar gida kuwa gajera ce mai datti, sai an tsince an rege kafin ta shiga tukunya. Kusan kowane gefe na wannan zato yana buƙatar gyara. Babu inda ya fi dacewa a warware shi kamar ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, yankin da kogin Kwara ke shigowa Najeriya, inda fadamar Najeriya ke haɗe da ta Benin.

Tushen ruɗanin shi ne an cuɗa abubuwa uku da ya kamata a raba: ƙasar da aka noma shinkafar, irin da aka shuka, da hannun da ya gyara ta bayan girbi. Kowanne yana da nasa rabo a ɗanɗano da kamanni da farashi, amma rabon ba ɗaya ba ne.

Kalmomin da ake cuɗawa

Shanshera, wadda wasu ke kira samfarera, ita ce shinkafar da aka buge daga kara amma tana cikin ɓawonta. Ita manomi ke sayarwa. Casa shi ne cire wannan ɓawo, a turmi ko a inji, kuma ɓawon da ya fita shi ne ɓuntu. Buhun shanshera mai kilo 100 yakan ba da kilo 60 zuwa 65 na tsabar shinkafa idan aikin ya yi kyau.

Turarawa ita ce jiƙa shanshera a ruwa, a ba ta tururi, a shanya, kafin a kai ta casa. Wannan ne ke sa ƙwaya ta yi tauri, ta rage karyewa a inji, ta ɗan yi launin ruwan ƙwai, ta kuma yi warwar idan an dafa. Wadda ba a turara ba ita ce fara mai danƙo da mata ke nema don tuwo da waina. Saboda haka "shinkafar tuwo" da "shinkafar dafawa" za su iya fitowa daga gona ɗaya, har daga buhu ɗaya.

Sumoga kalmar aro ce daga Turanci. Hausarta fasa-ƙwauri, wato shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya don kauce wa haraji ko haramci. FARO kuma taƙaitaccen suna ne da gwamnatin tarayya ke maƙala wa duk irin shinkafar da masu bincike suka gwada aka amince da shi, sai a bi shi da lamba. Ba sunan kamfani ba ne, ba kuma sunan ƙasa ba.

Kwari ɗaya, ƙasashe uku

Kogin Kwara ya raba ƙaramar hukumar Bagudo gida biyu. Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya suna ƙetaren kogi, ɓangaren da ke jingine da Jamhuriyar Benin, kuma gadar Tuga ce ke haɗa su da sauran jihar. Daga Tsamiya hanya ta miƙe zuwa Segbana ta Benin. Daga Lolo kuma mutum na dab da Madekali da Malanbil, babbar kasuwar arewacin Benin, wadda ke fuskantar Gaya ta Nijar a ɗaya gaɓar. A wannan kusurwa ce kuma ruwan gulbin Rima, bayan ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi da Bunza, yake zubawa cikin Kwara.

Layin iyakar baƙo ne a kan ƙasar. Illo na ɗaya daga cikin tsofaffin masarautun Bargu, tare da Busa da Nikki, kuma yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta raba Bargu, Nikki ta faɗa hannun Faransa. Har yau Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa suna nan a ɓangarorin biyu, da auratayya da cin kasuwa tare. Lakar da kogi ke zubarwa a Madekali ita yake zubarwa a Lolo.

Abin da ya bambanta wannan kwari da sauran wuraren noman shinkafa a Arewa shi ne kogin yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta ruwan damina ce na kusa, wajen Agusta zuwa Oktoba. Tana zuwa da ƙarfi, da laka, har ruwan ya yi gurɓi, shi ya sa masana ruwa ke ce mata farin ruwa. Ta biyu kuma ruwan saman da ya zuba ne can tsaunukan Gini, ya yi watanni yana jan ƙafa a manyan fadamun Mali, ya sauke lakarsa a hanya, sannan ya iso nan cikin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu. Ita ce baƙin ruwa. Albarkacinta ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya yin nisa a fadama lokacin da tudu ya bushe ƙayau. Manomi zai haƙa 'yar rijiyar burtsatse marar zurfi, ya sa tiyo da injin ban-ruwa, ya yi dashe a tsakiyar rani.

Wannan ne ya sa noman rani ya zama ƙashin bayan shinkafar Kebbi. A rani manomi ne ke riƙe da ruwa, ya ba gona gwargwadon buƙata, ga rana wadatacciya. A damina kuwa kogi ne ke riƙe da shi. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun nuna haka. A ta 2020 hukumomin jihar sun ce ruwa ya shanye gonakin shinkafa na dubban ɗaruruwan hekta, kuma Bagudo na cikin wuraren da abin ya fi shafa.

Irin da ke cikin ƙasa

Shinkafa ba baƙuwa ba ce a bakin Kwara. Duniya na da manyan jinsuna biyu da ake nomawa: na Asiya da na Afirka. Na Afirka a fadamun wannan kogi aka fara noma shi, can Mali, kimanin shekara 3,000 da suka wuce, tun kafin wani jirgin Turawa ya taɓa gaɓar Afirka ta Yamma. Daga wannan jinsi ne ake da jar shinkafar gargajiya ta kwarin Rima da Kwara. Wasu ire-irenta suna da wata baiwa: idan ruwa na ƙaruwa, karan na ƙara tsawo yana bin sa, har kan shinkafar ya riƙa lilo a saman ruwa mai zurfin da zai shanye mutum, a yi girbi cikin kwalekwale. Tana jure fari da ƙwari da ciyawa. Aibinta shi ne yabanya kaɗan, ƙwaya na zubewa da wuri idan ta nuna, kuma tana karyewa a inji. Manomi mai bashin taki a wuya ba zai iya dogara da ita ba, shi ya sa take ja da baya.

Abin da ya mamaye fadama a yau jinsin Asiya ne da aka inganta. Cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja, wadda ke da reshe a Birnin Kebbi, ita ke jagorantar gwada su. Mafi shahara shi ne FARO 44, wanda manoma ke kira Sipi. Asalinsa daga Taiwan ne, yana nuna cikin kusan wata huɗu, ƙwayarsa doguwa ce, kuma manyan masana'antun casa shi suka fi nema. Akwai FARO 52 mai ɗan jinkiri, da FARO 60 da 61 waɗanda suka fito daga zuriyar NERICA, wato auren jinsin Afirka da na Asiya da masanin nan ɗan Saliyo, Monty Jones, ya jagoranta, har ya ci babbar kyautar abinci ta duniya a 2004. A 2017 aka fitar da FARO 66 da 67, masu iya jure nutsewa cikin ruwa na kwanaki ba su mutu ba; ga wurin da ambaliya ke zuwa kamar Bagudo, waɗannan sun cancanci a yaɗa su fiye da yadda aka yi. Sai kuma Jamila, wadda ta yi suna a kasuwannin Arewa saboda tsawonta da kyan ido.

A ƙetaren iyaka, manoman Malanbil sun fi shuka IR 841, mai ɗan ƙamshi, a Nijar kuma ana ji da Gambiyaka. Iri ba ya jiran takardar kwastam. Manomi ya ga gonar surukinsa ta yi kyau a can, zai roƙi tiya biyu ya gwada a nan, ya laƙaba masa sunan garin da ya samo shi ko na wanda ya ba shi. Wannan na da amfani, yana kuma da illa: iri na gauraya. Gonar da aka cakuɗa iri uku ba ta nuna lokaci ɗaya, ƙwayoyinta ba su yi daidai ba, kuma a inji doguwa na karyewa yayin da gajera ke fita da ɓawo.

Abin lura a nan shi ne doguwar ƙwaya ba shaidar zuwa daga waje ba ce. Sipin da aka noma a fadamar Illo doguwa ce.

Daga ina tsakuwar take?

Tsakuwa ba ta fitowa daga cikin zangarniya. Tana shiga ne bayan yanka. A duba masussuka a lokacin girbi: an tara dammuna, matasa na buga su a jikin durom ko kututture, ƙwaya na tarwatsewa. Idan an shimfiɗa tamfol mai faɗi, shanshera za ta tashi da tsabta. Idan tamfol ɗin ƙarami ne ko ya yage, abin da ya faɗa ƙasa da tsintsiya za a tattaro shi, tare da yashi da ƙananan duwatsu, a zuba a buhu, don ba mai barin guminsa a ƙasa. Haka wajen shanya: matan da ke sana'ar turarawa sukan jiƙa shanshera ta kwana, su ɗora a rabin durom kan murhu, su rufe da buhu, sannan su baza a tsakar gida ko gefen kwalta. Inda wuta ta yi yawa a gindin durom ƙwaya za ta ƙone ta yi baƙi. Inda ruwan jiƙo ya daɗe za ta yi wari. Daga nan sai ƙaramin injin casa na ƙauye, wanda ba shi da na'urar tsince dutse.

Wannan shanshera ɗin, da za a kai ta babbar masana'anta mai na'urar busarwa da ta cire tsakuwa da ta ware ƙwaya bisa launi, za ta fito yadda mai saye ba zai bambanta ta da ta Tailan ba. Kebbi na da irin waɗannan: Labana a Birnin Kebbi, da WACOT a Argungu, wadda Yemi Osinbajo ya buɗe a 2017 yana muƙaddashin shugaban ƙasa, mai ƙarfin sarrafa tan 120,000 a shekara. Don haka "'yar gida" suna ne da ya haɗa kaya biyu mabambanta: na masana'anta da na injin ƙauye. Kuma bai kamata a raina na biyun ba. Shi ne ke ciyar da yawancin gidaje, shi ne jarin mata masu yawa. Abin da yake buƙata tamfol ne da tukunyar turare mai raga a gindi da injin tsince dutse, kayan da ba su fi ƙarfin ƙungiyar mata ba idan an tallafa.

Masu noman kansu galibi ƙananan manoma ne masu hekta ɗaya ko biyu ko ƙasa da haka. Tsakaninsu da masana'anta akwai dillalai da masu tara kaya, waɗanda sau da yawa su ne suka ba da bashin taki da mai tun farkon shuka, su karɓa da buhu a kaka. Wanda ya ci bashi ba ya yanka farashi.

'Yar wajen da ba ta Benin ba

A nan ne babban kuskuren yake. Shinkafar da jami'an kwastam ke kamawa a dazukan iyaka, mafi yawanta ba noman Benin ba ce. Turararriyar shinkafa ce ta Indiya da Tailan da jiragen ruwa ke saukewa a tashar Kwatano, a ɗauko ta a manyan motoci zuwa arewa, sannan a rarraba ta kan babura da kwalekwale. Mutanen Benin sun fi cin fara wadda ba a turara ba. Turararriyar kasuwar Najeriya ake nufa da ita tun daga jirgi. Dalilin cinikin shi ne tazarar haraji: Benin na karɓar kaɗan, Najeriya ta ɗora mai yawa, ratar da ke tsakani ita ce ribar ɗan fasa-ƙwauri.

Shinkafar da manomin Malanbil ya noma wani abu ne daban. Ita shanshera ce irin tamu, kuma takan bi inda farashi ya fi. Idan naira na da ƙarfi, ko masana'antun Najeriya na neman kaya ido rufe, sai ta gangaro nan. Idan naira ta faɗi a gaban sefa, kamar yadda aka gani bayan 2023, sai lissafin ya juya, hatsin Najeriya ya zama mai araha ga mai riƙe da sefa. Akwai kuma wata dabara da hukumomi suka sha kokawa a kai, a ɓangarori biyu: a juye 'yar waje cikin buhun kamfanin gida don ta wuce shinge, ko a juye ta gida mai kyau cikin buhun waje don a sayar da tsada. Rubutun jikin buhu ba hujja ba ne.

Shekara goma na manufofi

A Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa shinkafa cikin kaya 41 da ba zai ba masu shigo da su dala ba. Ranar 17 ga Nuwamban shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers, wanda ma'anarsa ita ce a ba ƙaramin manomi bashin iri da taki da injin ban-ruwa, a ɗaura shi da wata masana'anta da za ta sayi amfaninsa. A 2016 aka sake haramta shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa, kuma a ƙarshen shekarar gwamnonin Legas da Kebbi, Akinwunmi Ambode da Abubakar Atiku Bagudu, suka fito da shinkafar Lake Rice, buhu mai kilo 50 a kan naira 12,000. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa. An fara buɗe wasu a Disambar 2020, ta Kamba da ke Jihar Kebbi kuwa sai Afrilun 2022.

Daga 2023 iska ta sauya. An cire tallafin man fetur a watan Mayu, Babban Banki ya janye takunkumin dala a Oktoba, a Yulin 2024 kuma gwamnati ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 kan wasu kayan abinci, har da shinkafar da aka cire wa ɓawo ba a goge ba. Indiya ma ta sassauta takunkumin fitar da shinkafarta a ƙarshen 2024, farashin duniya ya sauka.

Masu goyon bayan kariyar shinkafar gida suna cewa a duba fadamun da suka cika da noman rani bayan 2015, da masana'antun da aka gina, da matasan da suka daina tafiya ci-rani. A wurinsu manomin da ke sayen mai da taki da tsada ba zai iya gogayya da na Indiya mai samun tallafin gwamnatinsa ba, kuma kukan manoma a 2025, cewa farashin shanshera ya faɗi ƙasa da abin da suka kashe, shaida ce. Masu sukar kuwa suna cewa talakan birni ne ya biya kuɗin kariyar da tsadar abinci, an kasa dawo da kaso mai yawa na bashin Anchor Borrowers, wasu da suka karɓa ma ba manoma ba ne, kuma rufe iyaka bai kashe fasa-ƙwauri ba, tsadarsa ya ƙara.

Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma dukkansu sukan manta da mazaunin iyakar. A Nuwamban 2019 aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, don a toshe fitar da shi. Manomin Lolo ko Tsamiya, wanda aka ce dominsa aka rufe iyakar, shi ne ya koma sayen man injin ban-ruwa a galan da tsada. A noman rani kuɗin ruwa shi ne ke yanke hukuncin riba ko faɗuwa, shi ya sa injin mai aiki da hasken rana ya fi wa manomin wannan kwari amfani na dindindin fiye da kowace doka ta shinge. Haraji yau a ɗaga, gobe a sauke. Ragin kuɗin noma kuwa yana zama.

Sunan wuri a jikin buhu

Saura tambaya ɗaya: shin "shinkafar Kebbi" na nufin wani abu? A halin yanzu ba ta nufin komai tabbatacce. Masana'anta a Kebbi za ta iya sayo shanshera daga wata jiha, ta wata jiha kuma ta sayo daga Bagudo ta buga sunanta. Manomin da ya yi aikin sunansa da na garinsa sukan ɓace tun daga bakin mota.

Wasu ƙasashe sun magance wannan da abin da za a iya kira alamar asali: doka ce da ke cewa ba wanda zai sayar da kaya da sunan wani wuri sai in a wurin aka noma shi, da irin da aka amince, ta hanyar da aka shata. Manoman inabin Faransa ne suka ja gaba, da dokar 1935 da ta kare sunayen yankuna irin su Bordeaux na gaɓar Atlantika. Abin da su ke sarrafawa giya ce, amma tsarin ya bazu zuwa cuku da man zaitun da shinkafa. Basmati ta Indiya da Fakistan misali ce. Maƙwabtanmu ma sun shiga. Ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke rajistar irin waɗannan haƙƙoƙi ga ƙasashen Afirka da yawancinsu renon Faransa ne, ta yi wa abarbar Allada ta Benin rajista a 2020, ta kuma yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar. Najeriya ba ta cikin ƙungiyar, ko da yake kasuwa da kanta ta san sunaye irin su Ofada da Abakaliki, kuma mutanen Legas na biyan Ofada fiye da farar shinkafar masana'anta, duk da gajartarta da jan jikinta.

Wannan misali na Ofada ya shafi Bagudo kai tsaye. Sipi ana noma ta a Kano da Jigawa da Neja da Taraba. Ba za ta ɗauki sunan wani kwari ita kaɗai ba, gasarta ta araha ce da tsabta. Abin da bakin Kwara ke da shi wanda wasu ba su da shi shi ne tsohuwar jar shinkafar da ke bin ruwa, wadda ake ganin ta koma baya. Kafin ta zama kayan kasuwa mai suna, sai an tattara ire-irenta daga hannun dattawan da ke adana su, an ware kowanne da sunansa, an gwada a reshen cibiyar bincike na Birnin Kebbi, an kuma yarda a kan yadda za a turara da cashe ta ba tare da ta farfashe ba. Kuma tunda fadamar ta zarce Lolo ta shiga Madekali da Gaya, duk wanda zai shata iyakar wannan suna sai ya zauna da manoman ƙetare, domin irin yana rumbunansu su ma.